Cire Sauti Daga Bidiyon Kyamarar Mota Ba Tare da Rasa Bayanin Wuri Ba

Gabatarwa

A safiyar ranar 15 ga Fabrairu, 2013, wani dutse daga sararin samaniya ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha, ya farfasa tagogi, mutum wajen 1,500 suka ji rauni. Da yawa daga hotunan da duniya ta gani na wannan al'amari ba 'yan jarida ne suka ɗauke su ba, ƙananan kyamarori ne da direbobi suka liƙa a gilashin gaban motocinsu. Masana sun yi amfani da hotunan wajen gano hanyar da dutsen ya biyo, amma kuma a cikin wasunsu ana jin rediyon mota da maganganun da direba ya yi don kunnensa kaɗai.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake cire sauti daga irin wannan bidiyo a bar bayanin wurin da aka ɗauke shi. Aikin yana kama da mai sauƙi, amma mutane da yawa sun yi shi sun wayi gari sautin ya tafi, bayanin wurin ma ya bi shi, watau garin neman gira an rasa ido.

Abin da Kyamarar Ke Tarawa

Kyamarar mota takan fara aiki da an tayar da inji. Tana yanka ɗaukarta gunduwa-gunduwa, ta minti ɗaya, ko uku, ko biyar, tana ajiyewa a ɗan katin ajiya. In katin ya cika, sai ta koma kan mafi tsufa ta shafe shi ta ɗora sabo. Akwai wani ma'aunin girgiza a cikinta wanda, in ya ji an yi karo, yakan kulle gunduwar wannan lokaci don kada a shafe ta.

Abu uku take tarawa a lokaci guda: hoto, da sauti, da bayanin wuri. Na ukun yana zuwa ne daga taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200. In na'urar ta sami saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Yawancin kyamarori sukan rubuta wannan lissafi sau ɗaya a kowace daƙiƙa: lambobi biyu masu nuna matsayin motar a doron ƙasa, da gudunta, da inda ta fuskanta, da lokaci, da kwanan wata. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa takan ci mita wajen 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka jerin waɗannan lambobi kan zana tafiyar gaba ɗaya a kan taswira. Ya kamata a lura cewa lokacin da ake rubutawa galibi na agogon duniya ne, wanda agogon Nijeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya. Wanda bai san haka ba yana iya zaton bayanin ya gurɓace.

Dalilin Raba Su

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Cikin mota kuwa ɗaki ne: a nan miji da mata ke tattauna sirrin gida, a nan ɗan kasuwa ke amsa waya yana faɗin kuɗi, a nan fasinja ke sakin baki bai san ana naɗar muryarsa ba. In aka yi haɗari, mai mota yakan so ya miƙa bidiyon ga kamfanin inshora ko lauya. Abin da waɗannan ke bukata shi ne a ina abin ya faru, da ƙarfe nawa, kuma da wane gudu. Hirar da ake yi a kujerar baya ba ta shafe su ba. Haka nan masu aika hotunan hanya ga ma'ajiyar Mapillary, wadda aka kafa a Suwidin a 2013, don taimaka wa masu zana taswira: wurin ne amfaninsu, muryar kuwa nauyi ce kawai.

Doka ma ta shigo cikin zancen. A Jamus, sashe na 201 na kundin laifuffuka ya haramta naɗar maganar da mutum ya yi a keɓe ba da izininsa ba, hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara uku. A ƙasar ce kuma, ranar 15 ga Mayu, 2018, babbar kotun tarayya ta yanke cewa ana iya karɓar bidiyon kyamarar mota a matsayin shaida a shari'ar haɗari, duk da cewa ɗaukar da ba ta yankewa ta saɓa wa dokar kare bayanan mutane. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sai duk masu hirar sirri sun yarda kafin a naɗe ta. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023. Ke nan hoton da wurin suna iya zama hujjar mai mota, sautin kuwa ya zame masa abin tuhuma.

Inda Bayanin Wuri Ke Zama

Fayil ɗin bidiyo ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Nau'in MP4, wanda mafi yawan kyamarorin nan ke amfani da shi, an gina shi ne a kan tsarin QuickTime da kamfanin Apple ya fito da shi a 1991. Ana iya kwatanta shi da akwati mai ɗauke da kaya da kuma takardar lissafin kayan. Kayan su ne gutsattsarin hoto da na sauti, a cakuɗe bi da bi. Takardar lissafin kuwa ita ke cewa wannan gutsure na zaren hoto ne, wancan na zaren sauti ne, ga kuma gurbin da kowanne yake.

Game da hoto da sauti, masu ƙera kyamara sun bi ƙa'ida ɗaya. Game da bayanin wuri kuwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Hanyoyi huɗu ne suka fi yawa.

Ta farko, a buga lambobin a jikin hoton, a ƙasan allo. Wannan ba ya ɓata in an cire sauti, amma ido kaɗai ke karanta shi, kwamfuta ba ta iya ɗora shi kan taswira kai tsaye.

Ta biyu, a ba shi zare na kansa a cikin akwatin, a sa shi a takardar lissafi kamar sauran. Kyamarorin GoPro haka suke yi, wasu kuma sukan saka shi a zaren da aka tanada don rubutun fassara na ƙasan allo.

Ta uku, a cusa shi a tsakanin gutsattsarin hoto da sauti ba tare da an mai da shi zare ba, sai wani ɗan jadawali na musamman wanda manhajar kamfanin ke ganewa. Kyamarori masu yawa da aka gina a kan na'urar kamfanin Novatek na Taiwan haka suke. Wannan kamar kuɗi ne da aka ɗinke a cikin shafin akwati.

Ta huɗu, a rubuta shi a wani ɗan fayil dabam mai suna iri ɗaya da na bidiyon, a ajiye su kusa da juna.

Yadda Yake Salwanta

Da farko dai, rage murya a wurin kallo ba cire sauti ba ne; duk wanda aka ba fayil ɗin zai iya ƙaro ta. Cirewa ta gaskiya iri biyu ce. Manhajojin gyaran bidiyo na wayar hannu galibi sukan warware hoton ne su sake matse shi a sabon fayil. A nan ingancin hoto yakan ragu, har lambar motar da ake iya karantawa a da ta dushe, bayanin wuri kuwa ba su san da zamansa ba balle su ɗauko shi.

Iri na biyu shi ne a kwashe kayan yadda suke a zuba a sabon akwati, a bar sautin a baya. Manhajar da aka fi sani da wannan aiki ita ce FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Amma in ba a umurce ta ba, hoto ɗaya da sauti ɗaya take zaɓa, ta tsallake zaren bayanai. Saboda haka ake rubuta mata umurni kamar haka:

ffmpeg -i asali.mp4 -map 0 -an -map_metadata 0 -c copy shiru.mp4

Ma'anarsa: a kwaso dukkan zaruruwa, a bar sauti, a riƙe bayanan kan fayil irin su ranar ɗauka, kuma a kwafe kome ba tare da sake matsewa ba. Wannan yakan wadatar ga hanya ta biyu, ko da yake wasu zaruruwan sukan bukaci ƙarin umurni. Ga hanya ta uku kuwa ba ya aiki, domin manhajar abin da ke cikin takardar lissafi kaɗai take ɗauka. Ko da an kwafo ɗan jadawalin nan da hannu, ba zai yi amfani ba, don gurabe yake nunawa, kuma da an zare sautin kowane gurbi ya gusa. Dabarar da ta rage a nan ita ce a bar zaren sautin a inda yake, a shafe abin da ke cikinsa da shiru mai girma daidai da nasa, ta yadda babu abin da zai motsa. Ga hanya ta huɗu, abin kula kawai shi ne a ba sabon bidiyon sunan da ya dace da na ɗan fayil ɗin.

Matakan da Suka Kamata

Na ɗaya, a kwafe fayil ɗin asali a adana shi, kada a taɓa shi. Duk aiki a kan kwafi za a yi. Na biyu, a bincika wace hanya kyamarar ta bi. Manhajar ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003, in aka ba ta umurnin -ee, takan tono bayanin wuri daga kyamarori iri-iri, har da masu ɓoye shi. Na uku, tun kafin a taɓa sautin, a fitar da bayanin a ajiye a fayil nau'in GPX, wanda manhajojin taswira ke karantawa. Na huɗu, a cire sautin. Na biyar, a sake bincika sabon fayil ɗin: a tabbata sautin ya fita, a ƙirga wuraren da aka rubuta a gwada da na asali, a duba na farko da na ƙarshe.

In maganar za ta kai kotu, adana na asalin wajibi ne. Sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya nemi a gabatar da takardar da ke bayyana yadda aka samar da duk wata shaida da ta fito daga kwamfuta. Bidiyon da aka yi wa gyara, in babu na asali a gefe, abokin shari'a yana iya cewa ba sauti kaɗai aka taɓa ba. Wani lokaci ma sautin shi ne hujjar, kamar ƙarar oda ko ta birki, don haka lauya ya kamata ya yanke shawarar abin da za a cire.

Kammalawa

An ga cewa sauti da bayanin wuri akwati ɗaya suke, amma ba zama ɗaya suke yi a cikinsa ba, kuma wanda bai san inda kyamararsa ke ajiye na biyun ba yana iya zubar da shi yana cire na farkon. Ya kamata a tuna kuma cewa bayanin wurin shi ma sirri ne: bidiyon da ya fara daga ƙofar gida ya nuna gidan, ya nuna lokacin da maigidan ke fita. Wanda za a ba, da dalilin ba shi, su ne za su nuna abin da za a bari da abin da za a cire. Daga ƙarshe, yawancin kyamarorin nan suna da maɓallin kashe makirfo. Direban da ya danna shi tun kafin ya ɗauki fasinja ya hutar da kansa daga dukkan wannan aiki.