BABI NA UKU: SHAN ƘWAYOYIN BITAMIN A KULLUM A ƘASASHEN WURNO, RABAH DA GORONYO

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin amsa tambayoyi guda biyu waɗanda ke da alaƙa da juna. Ta farko ita ce, shin wajibi ne mutum mai ƙoshin lafiya ya riƙa shan ƙwayoyin bitamin a kullum? Ta biyu kuwa, shin tara ƙwayoyin da yawa a sha su lokaci guda ba ya da wata illa? Dalilin tayar da wannan magana shi ne, a garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya a shiga kemis ba a tarar da kwalaben “maganin ƙarin jini” da ƙwayoyin bitamin jere a kan kanta ba. Jama'a da dama ba su ɗauke su a matsayin magani sosai ba. Sun ɗauke su tamkar wani abinci ne da aka dunƙule, wanda in bai yi amfani ba, to ba zai cutar ba. Wannan zato ne za a auna a nan.

3.1 Ma'anar Bitamin da Rabe-rabensa

Bitamin wasu sinadarai ne da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan domin gudanar da ayyukansa, waɗanda mafi yawansu ba ya iya haɗa su da kansa sai ta hanyar abinci. Wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Casimir Funk ne ya ƙirƙiro kalmar a shekarar 1912. Masana sun amince da nau'o'i 13, kuma sun kasa su gida biyu.

Kashi na farko su ne masu narkewa cikin ruwa, wato bitamin C da dangin bitamin B guda 8. Galibinsu idan suka yi yawa, ƙoda takan tace rarar ta fitar da ita cikin fitsari. Wannan ne ma dalilin da ya sa fitsarin mai shan ƙwayar dangin B kan koma rawaya sosai. Launin bitamin B2 ne da jiki ya zubar. Abin mamaki, wasu sukan ɗauki wannan launi a matsayin shaidar cewa magani “ya kama jiki”, alhali kuwa kuɗinsu ne ke bin ƙasa.

Kashi na biyu su ne masu narkewa cikin kitse, wato A da D da E da K. Waɗannan jiki ba ya saurin zubar da su. Yakan ajiye su a hanta da kitse, musamman A da D, har su taru su kai matsayin guba. Daga wannan bambanci ne amsar tambaya ta biyu za ta fito.

3.2 Waɗanda Ke da Buƙata ta Haƙiƙa

Ba za a yi wa maganar adalci ba idan aka fara da illa, domin ƙarancin waɗannan sinadarai matsala ce ta gaske a yankin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49.

Tun kafin zuwan asibiti Bahaushe ya san cutar dundumi, wadda ke hana mutum gani da zarar magariba ta yi, kuma an san ana ba mai ita gasasshiyar hanta. Ilimin zamani ya gaskata wannan magani, domin dundumi alama ce ta farko ta ƙarancin bitamin A, hanta kuwa ita ce rumbunsa a jikin dabba. Binciken da Alfred Sommer ya jagoranta a lardin Aceh na ƙasar Indonesiya, wanda aka buga a 1986, ya nuna cewa ba yara bitamin A yana rage mace-macensu ƙwarai, ba gyaran ido kaɗai yake yi ba. A kan irin wannan hujja ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ba jariri ɗan wata 6 zuwa 11 awo 100,000 na ma'aunin IU sau ɗaya, yaro ɗan wata 12 zuwa 59 kuma awo 200,000 duk bayan wata 4 zuwa 6. Shi ne ɗan ƙwanson nan shuɗi ko ja da ma'aikatan lafiya ke yankewa su ɗiga wa yaro a baki a makon lafiyar mata da yara, wanda ake gudanarwa sau biyu a shekara. Abin lura a nan shi ne tazarar. Hanta ce ke riƙe abin da aka ɗiga tana sakinsa sannu a hankali na tsawon watanni, saboda haka ba abin maimaitawa ba ne a kowane mako.

Rukuni na biyu su ne mata masu juna biyu. Su kam shan kullum aka umurce su, amma na abu ƙayyadadde: sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da kuma folik asid miligiram 0.4. Na farko yana taimakawa wajen gina jini, na biyu kuma yana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa, wadda ke aukuwa a makonnin farko na ciki. A nan al'adar ɓoye ciki, musamman cikin fari, tana da nata tasirin, domin macen da ba ta je awo ba sai ciki ya fito fili ta riga ta wuce lokacin da folik asid ke yin wannan kariya. Haka nan likitoci kan rubuta folik asid ga masu cutar sikila.

Idan aka cire waɗannan rukunoni, da kuma wanda gwaji ya tabbatar yana da wani ƙaranci, hujjar shan kullum takan yi rauni. A shekarar 2022 kwamitin ƙwararru mai ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya duba binciken da aka tara, ya ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe tana hana ciwon zuciya ko ciwon daji ga baligi mai lafiya.

3.3 Illolin Wuce Ƙa'ida

Iyakar bitamin A da aka ƙayyade wa baligi ita ce awo 10,000 a rana. Wanda ya daɗe yana wuce ta kan gamu da ciwon kai, da bushewar fata, da zubewar gashi, daga baya kuma hanta ta taɓu. Ga mai ƙaramin ciki abin ya fi muni, domin yana iya nakasa abin da ke cikinta. Ke nan ƙwanson da ke ceton yaro ɗan shekara biyu, shi ne kuma bai halatta a ba uwarsa ba idan tana da ciki. Bitamin D idan ya yi yawa yakan tara sinadarin kalsiyam a jini har ya lahanta ƙoda. Ko a cikin masu narkewa a ruwa ma ba duka ne ke fita salin-alin ba: yawan B6 na tsawon lokaci yana taɓa jijiyoyi, hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, bitamin C kuma idan ya haura miligiram 2,000 a rana yana kawo gudawa, alhali abin da baligi ke buƙata bai kai miligiram 100 ba.

Akwai kuma darasi daga manyan gwaje-gwaje. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 wasu ƙwayoyi da fatan kare su daga ciwon dajin huhu. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka tarar waɗanda suka sha ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da cutar da kashi 18 cikin ɗari. Wani gwajin a Amurka ya nuna a 2011 cewa ƙwayar bitamin E ta ƙara yawan ciwon dajin mafitsarar maza, wato furostet, da kashi 17 cikin ɗari. Sinadarin da ke cikin karas da kabewa bai cutar da kowa ba a cikin tukunya. Da aka ware shi aka ninka aka dunƙule ne ya zama wani abu dabam.

Sai dai haɗarin da ya fi kusa da gidajen wannan yanki shi ne na ƙwayar ƙarfe. Jajaye ne, masu santsi, suna kama da alewa, kuma sau da yawa a kan taga ko cikin kwano ake ajiye su. Yaro ƙarami da ya haɗiyi cikin tafin hannu ɗaya na ƙwayoyin uwarsa yana iya rasa ransa. Ƙari a kan haka, kowace kwalba da nata suna, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Mutum zai sayi maganin ƙarin jini na ruwa, ya haɗa da ƙwayar bitamin mai haɗe-haɗe, ya ƙara da man kifi, ba tare da sanin cewa ƙarfe da bitamin A yake maimaitawa ba. Wasu magungunan “buɗe ciki” kuma, ban da bitamin, suna ɗauke da wani sinadari mai sa barci da yawan ci, wanda ba a yi shi don ƙiba ba. Lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana nuna cewa an yi wa magani rajista ne, ba ta nuna cewa wanda ya saya yana buƙatarsa.

3.4 Ƙarancin Jini a Bakin Gulbi

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi yanayin ƙasar. Wurno, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar ribaɗi kuma a can ya rasu a 1837, tana gefen fadamar gulbin Rima. Goronyo tana da madatsar ruwa a kan wannan gulbi, wadda aka kammala a 1984. Rabah kuma tana bakin gulbin Sakkwato. Ruwan da ya kawo noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, shi ne kuma matattarar sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, tsargiya tana zubar da shi ta fitsari, tsutsar ciki kuma tana tsotsarsa a hanji. Yaron da ke wanka a hanyar ruwan noman rani yana fitsarin jini, ko an ɗura masa kwalba goma ta ƙarin jini, zuba ruwa ne a tulun da ya huje. Abin da yake buƙata shi ne maganin tsargiya, wanda ba shi da tsada, sannan a dubi abincinsa.

Ba ɓarnar kuɗi kaɗai ke cikin wannan ba. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an gwada ba ƙananan yara ƙarfe da folik asid a kullum. Rahoton da ya fito a 2006 ya nuna cewa waɗanda aka ba sun fi kwanciya asibiti ko mutuwa, har aka dakatar da wannan sashe na gwajin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shardanta cewa a irin waɗannan wurare, ba yara ƙarfe ya tafi tare da rigakafin zazzaɓin da kuma maganinsa. Ɗan kemis da ke miƙa kwalba saboda uwa ta ce idon ɗanta ya yi fari ba ya da hanyar cika wannan sharaɗi.

3.5 Abin da Ke Cikin Tukunya

Mafi yawan abin da ake nema a kwalba yana nan a kasuwar ƙauye. Zogale da rama da alayyafo da tafasa suna ba da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, haka ma karas da kabewa da mangwaro da manja. Garin ƙwallon kuka da gwaiba da lemo suna da bitamin C. Wake da kifin gulbi da nama suna da ƙarfe, nono kuma yana da kalsiyam. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a Nijeriya, daga 2002 kuma aka wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa da kamfanoni ke sarrafawa, ko da yake man gyaɗar da ake matsewa a gida da garin da ake kaiwa inji ba su shiga wannan tsari ba.

Yadda ake haɗa abincin ma yana da muhimmanci. Ganye ba ya sakin bitamin A sosai sai da maiƙo, don haka ƙuli-ƙuli da man da ake sa wa kwaɗon zogale ba daɗin baki kaɗai suke ƙarawa ba. Ɗan tsami kamar na lemo yana taimaka wa hanji ya zuƙi ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa yana hana shi. Matar da ta haɗiyi ƙwayar awon cikinta da kofin shayi ta rage mata ƙarfi tun kafin ta isa hanji. Matsalar da ta rage ita ce ta lokaci, domin daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gidaje da yawa kan koma tuwo da miyar da ba ta da mai, kuma a daidai wannan lokaci ne zazzaɓi ke tasowa.