Daga taliyar murji zuwa fizar Barnawa: Abin da ya kamata ka sani kafin ka ce a kawo

Ranar wata Asabar da yamma muka haye gada mu uku zuwa Barnawa. Wani abokinmu da muka yi makaranta tare, mazaunin Narayi, shi ya gayyace mu murnar samun aiki, ya ce yau abincin Italiya za mu ci. Wuri ya yi wuri: fitilu masu laushi, sanyin iyakwandishan, kiɗa ƙasa-ƙasa. Kafin a kawo ko ruwa, kowa ya riga ya ɗauki hoto ya ɗora a sitatus.

Sai aka miƙo takardar jerin abinci. Nan fa tebur ya yi tsit. Sunaye ne reras, ba wanda ya san ma'anar ko rabinsu, kuma ba mai son a gane bai sani ba. Ɗaya daga cikinmu ya gyara zama, ya nuna wani suna da yatsa kamar kullum shi yake ci, ya ce a kawo masa carbonara. Mai gayyatarmu, wanda Kirista ne, ya dafa hannunsa ya ce, "Tsaya tukuna, mutumina." Ya juya wajen yarinyar da ke rubuta oda ya ce, "'Yar uwa, da wane nama kuke yin wannan?" Ta ce iri biyu suke yi, akwai na shanu, akwai na alade, sai wanda mutum ya zaɓa.

Mun yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tambaya ɗaya ce tsakanin abokinmu da abin da zai daɗe yana damunsa, kuma kunya ce ta hana shi yin ta. Tun daga ranar nake tunanin yadda muke shiga irin waɗannan wurare: da tsoro, da ƙarya, da aljihun da bai shirya ba. Alhali abincin nan da muke wa kallon na manya, in ka bi salsalarsa, na talakawa ne, kuma ɗan uwan abin da ke tukunyar gidanku ne.

Baƙon da ya daɗe a gida

Mu fara da sunan. Faɗi "taliya", sannan ka faɗi "Italiya". Kunne ma ya isa ya ji kusancin. Tun kafin a haifi kakannin masu TikTok, mata a Kano da Zariya da Katsina suke kwaɓa fulawa, su murza taliya, su shanya ta, a dafa a ci da manja da yaji. Har gobe 'yar murji tana nan a ƙofar makarantu da lunguna, kuma wanda ya san daɗinta ba ya raina ta.

Ita kanta Italiya ba ita kaɗai ta ƙirƙiro abin ba. Larabawa sun mulki tsibirin Sisili daga ƙarni na 9 zuwa na 11, kuma a shekarar 1154 masanin taswirar nan Al-Idrisi ya rubuta labarin wani gari a tsibirin mai suna Trabia, inda ake yin wani abinci na fulawa mai kama da zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wato taliya ta daɗe tana yawo tsakanin gaɓoɓin Bahar Rum, yankin da fataken Tarabulus da Gadamas suke tasowa su keto Sahara zuwa kasuwar Kurmi.

Pizza kuwa, wadda bakinmu ya mayar fiza, a birnin Napoli ta tashi, a matsayin abincin 'yan dako da leburori: faifan ƙullu, a shafa tumatir, a jefa a tanda mai zafi, a ci a tsaye a bakin titi. Shi ma tumatir ɗin baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya isa Turai a ƙarni na 16. Labarin da ya shahara shi ne a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita fiza mai launukan tutar Italiya: jan tumatir, farin cuku, koren ganye. Daga nan sunan Margherita ya bi ta. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa fizar Napoli cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

To yanzu ka tuna gurasa bandabashe: faifan fulawa da aka gasa a tanderu, aka barbaɗa ƙuli-ƙuli, aka zuba mai, aka yanka albasa da tumatir a kai. Ka faɗa mini, ina bambancin tunanin? Mutumin Napoli da mutumin Kano matsala ɗaya suka warware, wato yadda talaka zai ƙoshi da abu mai daɗi da kuɗi kaɗan.

Wace Italiyar ake sayarwa a Barnawa?

Gaskiyar magana, yawancin wuraren da ke sayar da fiza da taliya a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha ba gidajen abincin Italiya zalla ba ne. A takarda ɗaya za ka ga fiza, ka ga shawarma, ka ga dafa-duka da soyayyar shinkafa da farfesun kifi. Wannan ba aibu ba ne. Abinci in ya yi tafiya, sai ya ɗauki ɗabi'ar masu masauki. Shi ya sa ake samun fiza mai tsire da taliya mai attaruhu, abin da zai sa tsohuwar Napoli ta riƙe baki.

Kuma fizar da yawancinmu muka sani, mai kauri, mai cuku har yana zuba, ta fi kusa da salon Amurka. Kamfanin Domino's, wanda ya shigo Najeriya a 2012, na Amurka ne, ba na Italiya ba. Ta Napoli siririya ce a tsakiya, kayan kanta ba su da yawa, kuma ba ta wuce minti biyu a cikin tanda. Sanin wannan zai hana ka yi wa mai kawo abinci tsawa cewa an yi maka rowar kaya, a wurin da suka yi ƙoƙarin bin asali.

Haka ita ma taliya. Mu mun saba dafa ta har ta yi luguf. Su kuwa suna sauke ta da ɗan sauran ƙarfi, abin da suke kira al dente, ma'ana haƙori ya ji ta. Ba ɗanya ba ce. In ba ka so haka, ka faɗa tun farko a ƙara mata wuta. Kuɗinka ne.

Karanta takardar kafin ka nuna yatsa

Ga kaɗan daga sunayen da za ka yi ta karo da su.

Margherita: tumatir, cukun mozzarella, da ganyen basil, ɗan uwan ɗoɗɗoya. Babu nama. Ita ce ma'aunin gidan abinci, domin babu inda mai dafawa zai ɓoye gazawarsa.

Arrabbiata: ma'anar kalmar "mai fushi". Miyar tumatir ce da tafarnuwa da barkono. In harshenka na Bahaushe ne sosai, daga nan za ka fara.

Aglio e olio: tafarnuwa da man zaitun, sai ɗan barkono. Wallahi taliya da mai da yaji ce ta sa kwat.

Bolognese: miyar niƙaƙƙen nama. A asalinta, a birnin Bologna, akan haɗa naman shanu da ɗan na alade, a zuba giyar inabi a cikin miyar. A nan gida da yawa shanu zalla suke sawa, amma ka tambaya.

Lasagne: falle-fallen taliya da aka jera da miyar nama da cuku aka gasa. Tambayar bolognese ta shafe ta.

Carbonara: ƙwai, cuku, masoro, da naman kumatun alade. Haka take a birnin Rum. Duk wadda ba ta da alade, sauya ta aka yi.

Pepperoni, salami, prosciutto, pancetta, ham, bacon: duk waɗannan a asali akwai alade a cikinsu. Ana yin wasu da shanu ko kaza ko talotalo, amma sunan kaɗai ba zai gaya maka ba.

Tiramisu: kayan zaƙi ne na biskit da kofi da cuku mai laushi, sau da yawa ana ɗiga masa giya.

Tambayoyi uku sun wadatar: wane nama ne, akwai giya a ciki, kuma da wuƙa da faranti ɗaya ake aikin duka? Babu gidan abincin kirki da zai ji haushin wannan. Ba kuma Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai Kiristocin da ba sa cin alade ko shan giya, akwai wanda madara ke ɓata wa ciki, akwai mai hawan jini da likita ya hana gishiri, alhali cuku da sarrafaffen nama cike suke da shi. Matambayi ba ya ɓata.

Lissafin da kyamara ba ta ɗauka

Mu dawo teburinmu. Da aka kawo lissafi, sai na ga fuskar mai gayyatarmu ta sauya. Ya yi lissafin abinci, bai yi na lemo da ruwan roba da ƙarin da ke ƙasan takarda ba. Ya shiga latsa waya, na san tiransifa yake nema daga wani wuri. Muka ce haba, ai ba a yi haka ba, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ya ƙi, muka matsa, ya karɓa. Albashin farko ma bai shigo ba, da bashi ya so ya fara aikin.

Akwai dalilin tsadar. Alkamar da ake yin fulawa da taliya, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita. Man zaitun da cuku iri-iri su ma haka, da dala ake sayo su. Tanda da firji da iyakwandishan kuma wuta suke ci, in babu ta sai janareta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, komai ya tashi. Ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100, wasu wuraren kuma su ƙara kuɗin hidima. Duk wannan a farantinka yake sauka.

Yanzu ka ajiye wannan kusa da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024. Ka ƙara kuɗin keke ko mota zuwa da dawowa. Za ka ga fita ɗaya ta mutum biyu tana iya cin babban yanki na abin da wani yake samu a wata. Hoton da za ka ɗora awa 24 zai yi a sitatus ya ɓace. Bashin kuwa, musamman na manhajojin ba da rance da ke kiran duk lambobin wayarka in ka makara, ba ya ɓacewa haka.

'Yan dabaru ne ke raba mutum da jin kunya. Ka duba farashi a shafinsu na Instagram ko ka kira kafin ka fita. Ka tambaya ko farashin ya haɗa da haraji. Babbar fiza ɗaya ta ishi mutum uku, kuma ta fi ƙanana uku araha. Ku yi maganar wanda zai biya tun a gida, ba sai takarda ta iso ba. Ke kuma 'yar uwa, in an fita da ke, ki dubi ɓangaren farashi kamar yadda kike duban ɓangaren sunaye. Kai ma saurayi, wadda za ta guje ka don ka ce yau ba hali, gara ta gudu tun yanzu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ya fi fizar daraja

Duk da haka ba zan ce kada ku je ba. Ku je. Dalilina ma ya wuce abinci.

Yawancin masu karanta wannan shafi ba a haife su ba, ko suna goye, lokacin rikicin shekarar 2000 da na Nuwamban 2002. Amma sun gaji abin da ya bari: gari ɗaya da kogi ya raba, Musulmi suka tattara a arewa, Kirista suka tattara a kudu, har ana yi wa ɓangarorin laƙabi da Makka da Kudus. Iyayenmu sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa a masaƙun Kakuri, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. Masaƙu sun durƙushe, wuraren haɗuwa suka ragu. Akwai matashi a Rigasa da bai taɓa zama a Sabon Tasha ba, akwai na Unguwar Romi da bai san hanyar Tudun Wada ba.

Yau ga tsohuwar gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, ga sabuwar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa. Hanya ta samu, saura dalilin bin ta. Teburin cin abinci yana cikin 'yan wuraren da suka rage inda mai hijabi da mai sarƙar gicciye za su ja yanka daga faranti ɗaya. Ita fiza ma haka aka yi ta, da'ira ce da ake yankawa a raba, ba mai cin ta shi kaɗai sai mai haɗama.

Ni dai abin da na riƙe daga wannan daren ba ɗanɗanon cuku ba ne. Hannun nan ne da ya dafa na abokinsa ya ce tsaya tukuna, domin ya san abin da addinin abokin ya hana, kuma ya damu. Da magariba ta yi, shi ne ya tambayar mana inda za mu yi alwala.

Mun yi alkawari wata mai zuwa shi zai hayo wajenmu. Akwai wata baiwar Allah a layinmu da ke murza taliya da kanta, manjanta mai kyau, yajinta har da daddawa. Mun gaya masa ya zo da yunwarsa, kuma ya bar katin banki a gida.