Rabon gado a ciwon huhu mai daɗewa na jarirai bakwaini

1. Gabatarwa

Ana iya samun bakwaini biyu, watanninsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kulawarsu ɗaya, amma wani ya rabu da iskar oksijan cikin ƴan kwanaki, wani kuwa ya yi watanni yana dogara da ita. Me ya kawo bambancin? Abin da wannan ɗan rubutu zai duba ke nan.

2. Ciwon

Da Faransanci ana kiransa « dysplasie bronchopulmonaire ». Likita Northway da abokan aikinsa na jami'ar Stanford, a Amurka, su suka fara bayyana shi a 1967. Yakan kama jaririn da aka haifa huhunsa bai nuna ba. Na'urar numfashi da oksijan da ake ba shi don a ceci ransa sukan ji wa huhun rauni, sai ƙananan jakunkunan iska su kasa yawaita. Ana cewa jariri ya kamu idan yana bukatar taimakon numfashi har lokacin da cikin zai cika sati 36.

3. Shaidar tagwaye

Tagwayen ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne. Tagwayen ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa. In ciwo ya fi haɗa na farko, to akwai hannun gado. A 2006 Bhandari ya bincika tagwaye bakwaini a Amurka, ya ƙiyasta rabon gado da kashi 53 cikin 100. A 2008 Lavoie, a Kanada, ya samu kusan kashi 80.

Sai aka shiga neman ƙwayar gadon da ke da laifi. A 2011 Hadchouel, a Faransa, ta nuna wata mai suna SPOCK2, amma babban binciken Kalifoniya na 2013 bai tabbatar da ita ba. A 2018 ma wani binciken tagwaye bai ga rabon gadon ba. Shi ya sa masana da yawa suke ganin ƙwayoyi ne barkatai, kowace da ɗan tasirinta, kuma ba su bayyana sai haihuwa ta zo da wuri.

4. Ciwon ƙwaya ɗaya

Kada a haɗa wannan da wani rukuni da ba a cika gani ba. Huhu yana yin wani ruwa mai santsi, sirfaktan, wanda ke hana jakunkunan iska mannewa. Idan ƙwayar SFTPB ko ABCA3 ta lalace, ko jaririn da ya cika wata tara sai ya kasa numfashi. An gano ta farko a 1993, ta biyu a 2004. Sai jariri ya gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka. In su biyun suna ɗauke da ita, a kowane ciki haɗarin ɗaya ne cikin huɗu. Auren zumunta, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan ƙwayoyi. Saboda haka in ma'aurata sun sha rasa jarirai cikakku da ciwon numfashi, ya kamata likita ya tambayi dangantakarsu.

5. Kammalawa

Gado yana karkata ma'auni, amma haihuwa da wuri ita ce ƙofar ciwon. Abin da ke hannunmu ya fi wanda muka gada yawa: awon ciki, rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki, allurar kortikoyid da ke nunar da huhun tayi kafin haihuwa, da auna oksijan kada ya wuce kima.