Attajirin da ke keken guragu da mai tura shi

A 1993 haɗarin tashi da lema ya shanye jikin Philippe Pozzo di Borgo, attajiri a Faransa. Wanda ya ɗauka don kula da shi, Abdel Sellou, ɗan asalin Aljeriya ne da ya taɓa zaman kurkuku. Aikin albashi ya rikiɗe abota, har aka yi fim ɗin Intouchables a kansu a 2011.

A Abuja ma hadimai na irin wannan hidima. Dokar masu nakasa ta Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiga, wa'adin ya wuce. Inda har yau matakala ce kawai, hadimi ke ɗaukar maigida a kafaɗa, maigidan kuma yakan ji nauyin ci gaba da kiransa yaro.