Amalanke: Mallakarsa da Kula da Shi a Karkarar Arewacin Kano

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata 'yar tirela da ake ɗaura wa ƙaramar mota a baya, a zuba mata shimfiɗa da kayan girki, a shiga daji da ita domin shaƙatawa. A karkarar Kano ba a san wannan ba. Abin da ake ja a hanyar da ba kwalta shi ne amalanke, kuma neman abinci ake yi da shi. Ita kalmar ma baƙuwa ce, daga Yarabanci aka aro ta, amma ta zauna a bakin Bahaushe har ba mai jin baƙuncinta.

Kafin a gane darajar amalanke sai an dubi ƙasar da yake aiki a cikinta. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka buga nazarinsu a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda suka nuna cewa jama'a ta yi yawan da ba a barin gona ta huta. Wanda ya bi ta Ungogo ko Dawakin Tofa ko Minjibir, ya wuce Bichi ko Ɗambatta, zai ga gona na jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa kowace shekara a wuri ɗaya. Jigawa kuwa ba ta jure wa haka sai da taki. A da jaki ne ke wannan aiki, ya kai itace birni, ya komo da mangalar shara. To, abin da jaki zai yi sawu da yawa kafin ya kwashe, bijimai biyu da amalanke sai su kai shi a sawu ɗaya. Saboda haka manomin da ke da amalanke yakan riga maƙwabcinsa gama kai taki kafin saukar damina, wanda ba shi da shi kuwa sai ya biya haya, ko gonarsa ta kwana da yunwa.

Kuskuren da masu sha'awar saye suka fi yi shi ne lissafin kuɗin amalanken kaɗai. Shi ƙirarsa ba ta da wuya. Mai walda ne ke samo ƙarfen gindin tsohuwar mota, wato aksul, da wilinsa biyu, ya ɗora masa firam, kafinta ya shimfiɗa katako, a haɗa da doguwar sanda da za ta riƙe karkiya. Nauyin gaskiya yana wajen shanun. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da aikin taki ya fi yawa, a lokacin ne kuma ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada. Wanda bai tanadi harawa da kara da dusa tun kaka ba, zai wayi gari da amalanke lafiyayye da bijiman da ba su iya jan sa. Manoman da suka san abin suna ɗaukar bijiman a matsayin jari: su yi huɗa da damina, su yi dako da rani, idan sun girma a kai su kasuwa a sayo 'yan marukan da za a hora.

Shi kansa amalanken abokan gabarsa uku ne. Na farko rairayi, wanda ke shiga boris ya cinye shi a hankali. Alamarsa ita ce ƙara ko rawar wili, kuma giris na kuɗi kaɗan a kan lokaci ya fi sayen sabon boris. Na biyu ƙaya da kututturen kara, domin tayar da ake sawa tsohuwa ce da mota ta riga ta gama da ita, mai faci kuwa yana bakin titi, nesa da gona. Na uku gara da ruwan sama. Wasu sukan shafe katakon da baƙin mai, su ajiye shi a rumfa, su ɗora aksul a kan dutse don kada taya ta dunƙule da damina.

Akwai kuma batun lodi, wanda yara masu kora ba su cika kula da shi ba. Da yake wili biyu ne, in kaya ya rinjaya gaba sai karkiya ta danne wuyan shanu ta yi musu gyambo, in ya rinjaya baya sai sandar ta ɗaga, igiya ta shaƙe su. Bijimin da ya yi gyambo a wuya sai an hutar da shi makonni, ɗan'uwansa kuma ba ya ja shi kaɗai.

Hanya ma ta zama abin damuwa. Inda ƙasa ta yi ƙaranci kowa na cin burtali kunya ɗaya kunya biyu, har ya kasance wadda jaki zai bi amalanke ba ya wucewa sai ya taka shukar wani, a tafi gaban mai unguwa. Babur mai ƙafa uku ya karɓe wani sashe na dakon kasuwa, amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin kowane sawunsa ya hau, kuma cikin yashin burtali, da lodin taki a bayansa, kafewa yake yi.