Bayan Sulhu: Likitocin Gaggawa a Kaduna da Jinyar Tubabbun 'Yan Bindiga

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta shafe shekaru a garƙame. Tun 2016 kuma gwamnatin tarayya ke sauya tunanin tubabbun mayaƙan Boko Haram a sansanin Malam Sidi da ke Jihar Gombe. Waɗanda suka daɗe a daji sun fara shigowa gari, kuma da ciwonsu suke tafe. Maganar kasuwa da noma ta cika baki, amma ba a cika tambayar ko likitan da zai fara karɓarsu ya shirya ba.

Ta fuskar doka babu ja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 kan harbin bindiga ta wajabta wa asibiti ya fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, sannan ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Sai dai doka ba ta cire tsoro. Likitoci na jin labarin ma'aikatan lafiya da aka kama bisa zargin yi wa 'yan bindiga magani, kuma babu alamar da ke bambanta tubabbe da wanda ya fito jinya zai koma.

Sai kuma mikin da ke zuci. Mutanen Rido da Mararraban Rido, a ƙaramar hukumar Chikun, ba su manta da Yulin 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist. Likitoci ma abin bai bar su ba: a Disambar 2023 aka sace wata likita ta Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, ta yi kusan wata 10 a hannu, har likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a kanta. Ma'aikaciyar jinya a asibitin Gwamna Awan ko St Gerard's da ke Kakuri tana iya kasancewa wadda danginta suka sayar da gona don biyan kuɗin fansa.

Shi kansa ciwon tubabben na daban ne. Ga ƙafa da harsashi ya farfasa tun bara, mai ɗori ya haɗa ta a karkace, ƙashin ya kama ruwa yana fitar da mugunya, an sha maganin kemis barkatai har ƙwayoyin cutar sun daina jin magani. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, allurar kashe zafi ba ta cika kama shi ba, idan kuma ya kwana biyu bai sha ba sai gumi, makyarkyata da faɗa. Ga rashin barci da firgita, waɗanda aikin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ne. Duk wannan ya faɗo a lokacin da hannu ya yi kaɗan: Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar Najeriya a 'yan shekarun nan.

Idan tubabbe ya ga wulaƙanci ko ya ji tsoron kamu, zai koma wurin masu yi wa 'yan bindiga allura a ɓoye, wato hanyar da ta haɗa shi da daji tun farko. Idan kuma aka fifita shi, alhali manomin da aka harba a gonarsa yana kwance a gado na kusa yana neman kuɗin ƙarin jini, jama'a za su ce ɗaukar bindiga ya fi haƙuri riba. Ko ta ina aka kauce, sulhun ne zai ji jiki.

Saboda haka shirin likita ba a wuyansa shi kaɗai yake ba. Gwamnatin jiha da jami'an tsaro su fitar da rubutacciyar ƙa'ida da za ta kare wanda ya yi magani kuma ya kai rahoto. A horar da ma'aikatan sashen gaggawa kan tsofaffin raunukan yaƙi da shaye-shaye, a haɗa su kai tsaye da Barnawa. Kuɗin jinyar da za a ware wa tubabbe kuwa, a ware irinsa ga wanda aka harba.