Laka da Siminti: Wani Jingina, Wani Sayarwa

Duk manomi ya san bambancin jinginar da gona da sayar da ita. Wanda ya jinginar, ranar da ya haɗa kuɗin mutane sai ya kai ya fanshi abarsa. Wanda ya sayar kuwa, da shaidu sun shafa fatiha magana ta ƙare. Kayan da muke taɓawa kullum ma haka suke canzawa: wani canjin ana iya fansarsa, wani ya tafi ke nan.

Ƙanƙarar da ake sanyaya zoɓo da ita jingina ce. Zafi ya haura digiri 0 ta narke, a mayar da ruwan firji ta dawo. Gishiri ya ɓace a ruwa, amma yana nan. Mutanen Bilma sun daɗe suna cin abinci da wannan, suna barin rana ta ɗauke ruwan ramukansu ta bar musu gishirin. Ƙwan da aka dafa da itacen da ya zama toka kuwa, ba mai dawo da su.

Inda abin ya fi burge ni shi ne laka, don ita tana yin duka biyun. Magini ya kwaɓa ta, ya cura tubali ya shanya. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar ne kawai rana ta kwashe, don haka da ruwa ya dawo, laka ta dawo. Shi ya sa ake yaɓe kafin damina, shi ya sa kuma ƙasar tsohon bango ke sake zama sabon ɗaki. Amma mai ginin tukwane ta sa lakar nan a wuta, zafi ya wuce digiri 500, sai ruwan da ke ɗaure a cikin jikin ƙwayoyin kansu ya fice, ƙirarsu ta sauya. An sayar. Randa za ta shekara goma da ruwa a cikinta ba ta koma taɓo ba, kuma gumakan yumɓu na Nok, a jihar Kaduna, sun kwana a ƙasa fiye da shekara 2,000 aka tono su da siffarsu.

Siminti ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana ɗaukarsa kamar laka, wai rana ce ke ƙarfafa shi. Ba haka ba ne. Garin siminti haɗuwa yake yi da ruwan, su biyun su zama wani sabon abu mai taurin dutse, har a ƙarƙashin ruwa ma yana kamawa. Buhun da danshi ya taɓa ya dunƙule, ko an daka shi ba zai koma simintin kirki ba. Aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne: sai ya cika kwana 28 injiniyoyi ke auna ƙarfinsa.

Wannan ne ke ɓata mini rai idan na ga an buga bulo an jere shi a zafin bazara ba ban ruwa. Rana ta janye ruwan kafin siminti ya gama sha, bulo ya fito da kyan gani, ka murza gefensa ya zube kamar garin kwaki. Kuma da shi za a ɗora ɗakin da yara za su kwana.

Masu buga bulo da masu gini, don Allah ku riƙa ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, kafin ku ɗora shi a bango.